Wayar da Suka Ce Ba Ta Ja

Sharaɗa, Kano
Ƙarshen Shawwal

Zuwa ga Kawu Labaran, a Haɗeja.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ku da Inna Rakiya da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Ta'aziyyarku ta iso ta hannun Habibu direba, haɗe da busasshen kifin. Allah Ya saka da alheri. Ni lafiyata lau. Idan an ajiye mini abinci ina ci, idan barci ya zo ina yi.

Rabona da ku tun bikin 'yata Aina'u, kuma gara in faɗa da bakina cewa bukata ce ta sa na rubuto. A duk dangin mahaifiyata ku kaɗai kuka yi aikin lantarki, can a masaƙar Bompai, har ƙarar injuna ta cinye muku kunne. Da kuna jin waya da kira zan yi. Ina cikin takaba, ba na taka ƙofar gida, shi ya sa Aina'u za ta kai wa Habibu wannan takarda tasha.

An gaya muku zuciyar Kamilu ce ta tsaya. Haka ake gaya wa kowa. Wai sinadarin kamfanin fata na Challawa, inda yake aiki, ya daɗe yana cin sa. To ga abin da na gani.

Shekara biyu ke nan da ɓarayi suka kwashe waya ɗaya daga falwayoyin layinmu, wadda ake kira nutural. Suka bar mai wutar. Aka kai ƙara ofishin masu wuta har aka gaji. Sai mazan gidan hayarmu suka yi abin da rabin layin ya yi: suka kafa rodi a ƙasa kusa da famfo, suka jawo nutural ɗin gidan suka ɗaure a jikinsa. Wuta ta dawo, ko da yake ba ƙarfi. Da aka lura tana ƙara haske idan wurin ya jiƙe, sai Sauda maƙwabciyata, mai sayar da ƙanƙara, ta ɗauki aikin zuba wa rodin ruwan gishiri kowace yamma, kamar mai ban ruwan shuka. Matacciya muke kiran wayar nan. Kowa ya taɓa ta. Ni kaina na sha shanya tsumma a kanta.

Ranar da abin ya faru, wuta ta ɗauke gab da magariba. Kun san yadda muke yi: kowa ya zare firiza da talabijin don kada a dawo da ita da ƙarfi ta ƙona su, a bar ƙwayayen fitila a kunne don a san lokacin da ta dawo. Kamilu ya dawo daga aiki, ya tafi famfo alwala. Ina ɗaki ina shimfiɗa masa sallaya, sai ƙwan da ke sama da kaina ya kawo haske, dishi-dishi, yana rawa. Na ji an ce a tsakar gida, an kawo wuta. Na ce alhamdu lillahi. Can sai ya mutu. Na yi tsaki.

Da na fito yana kwance a bakin famfo, ba takalmi, wayar tana gefensa a kwance daga jikin rodin. Akwai wani layi fari a tafin hannunsa na dama. Na gan shi kafin a rufe.

Malam Mustapha, mai kula da gidan, ya mayar da wayar ranar sadakar uku. Sauda ta koma zuba ruwanta.

Akwai tsohon littafin kimiyya na sakandare a akwatina tun ina koyarwa. Na karanta babin lantarki har na kusa haddace shi. Ya ce wutar gida kai da komo take yi, ya zana mini layi mai lanƙwasa kamar maciji, bai ce komai ba game da mutumin da ke tsaye ba takalmi. Don haka tambayoyina uku. Shin matacciyar waya tana kisa? Idan ita ce, me ya hana shi saki, mutumin da ke ɗaga jiƙaƙƙiyar fatar bijimi shi kaɗai? Sannan me ya kunna ƙwan ɗakina?

'Yarku,
Atika

Haɗeja
Farkon Zulƙida

Zuwa ga 'yata Atika.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Rakiya tana gaishe ki, ta yi kuka da na karanta mata takardarki. Allah Ya jiƙan Kamilu, Ya ba ki haƙuri. Mutumin kirki ne. Ban manta ba, ranar bikin Aina'u shi ya riƙa rubuta mini abin da ake faɗa a bayan kwalin sigari don kada a bar ni a baya.

Game da tambayarki. Wutar gida waya biyu take bukata, kamar ban ruwan fadamarmu. Akwai hanyar da ruwa ke shigowa gona, akwai magudanar da yake fita. Mai wutar ita ce hanyar shigowa, nutural ita ce magudana. A can wurin taransifoma an haɗa nutural da ƙasa, saboda haka matsayinta ɗaya da ƙasar da kike takawa, kuma ruwa ba ya gudu tsakanin wurare biyu da suke daidai wa daida. Shi ya sa idan aikin waya yana yadda ya kamata, nutural ba ta jan mutum, ko ya riƙe ta. Na riƙe ta ba adadi a Bompai.

Wannan rodin naku dai ba aikin ƙwarai ba ne, ya kamata a gyara idan an samu hali.

Sauran tambayoyin, 'yata, ki bar su. Kina cikin ɗaki ke kaɗai, tunani yana yi miki yawa. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa sai ya tafi. Ki yawaita karatun Alƙur'ani, ki ajiye littafin nan na kimiyya. Idan takaba ta ƙare ki zo ki huta a wurinmu, shinkafa ta kusa fara kyau.

Kawunki,
Labaran

Sharaɗa
Tsakiyar Zulƙida

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna Rakiya. Lafiyata lau. An yi ruwan farko shekaranjiya, tsakar gida ta zama taɓo.

Takardarku ta iso, kuma ta yi aiki, sai dai ba wanda na nema ba. Na aika aka kira Malam Mustapha, ya tsaya a bayan labule na karanta masa ita tun daga sallama har sa hannu, ban tsallake harafi ba. Da na zo inda kuka ce nutural ba ta jan mutum ko ya riƙe ta, sai ya ce in maimaita. Na maimaita, har da sharaɗin da kuka sa a gaba. Sharaɗin bai shiga kunnensa ba. Kafin la'asar duk gidan ya san cewa injiniyan Bompai, ɗan'uwan Atika da kansa, ya wanke rodi. Ya tara matan gidan, ya kama wayar da hannunsa, da rana tsaka, maza duk suna wurin aiki, yana sanye da takalmin roba mai kaurin bulo. Ya ce ga shi nan, ko sauro ba za ta kashe ba.

Yanzu idan na leƙo sai a yi shiru. Sauda ta kawo mini kunu, ta zauna, ta ce ita ma da mijinta na fari ya rasu sai da ta zargi har kajin gidan. Ta ce zai wuce.

Kawu, na girme wa lallashi. Na haura arba'in da biyar, na binne iyaye biyu da ɗa ɗaya, na koyar da aji mai yara fiye da ɗari ba tare da bulala ba. Ban rubuto neman wa'azi ba, malamai sun cika layinmu, kuma ba sai an jira motar Habibu kafin a ji nasu ba. Na san ajali. Ajali ba ya barin farin layi a tafin hannu. Alƙur'ani ina karanta shi tun asuba, ban ga inda ya hana ni sanin abin da ya kashe mijina ba.

Kun ce idan aikin waya yana yadda ya kamata. To namu ba ya yadda ya kamata, na rubuta muku hakan dalla-dalla. Kun ba ni amsar gidan da ba namu ba. Kun ce a gyara idan an samu hali, kamar ana maganar ƙofar banɗaki.

Tunda aka yi ruwa, matan da ke ɗiban ruwa suna cewa kan famfon yana musu tsam-tsam a yatsa da yamma, idan firizar Sauda da dutsen guga suna aiki. Dariya suke yi. Babbar Sallah na zuwa. Kun san inda ake wanke kayan ciki a gidan haya, kun san ba mai sa takalmi a wurin.

Saura tambayoyi biyu. Ina jira.

Atika

Sharaɗa
Farkon Zulhajji

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Idan maganata ce ta yi muku zafi, ku yi haƙuri da yadda na faɗe ta. Abin da na faɗa kuwa yana nan.

Aina'u ta je tasha har ta gaji. An ce Habibu ya bar hanyar Haɗeja, yana jigilar raguna daga Maigatari. Ban sani ba ko takardata ta same ku, ko tana cikin aljihun motarsa tare da rasiɗan mai. Wannan zan ba wani mai kifi.

Malam Mustapha ya sayo ragonsa ya ɗaure a turken da ke kusa da rodi. Da rana yana tsaye lafiya. Da magariba sai ya kama tsalle yana fizgar igiya, yana ɗaga ƙafafu kamar ƙasar tana ƙuna. An ce wurin ne yake da iska tunda aka yi mutuwa a kansa. An tofa masa addu'a, an mayar da shi zaure, ya kwanta.

Ni ba na jin komai sosai yanzu. Ina zaune a bakin taga ina kallon wayar. An naɗe ta a rodin da hannu kawai, kamar da, kuma bokiti yana bugunta duk lokacin da aka ɗebi ruwa.

Atika

Haɗeja
Zulhajji, kafin Arfa

Atika,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardunki biyu rana ɗaya suka shigo hannuna, jiya. Ba fushi na yi ba. Wannan na ba jikan maƙwabcina da zai shiga Kano gobe, na ce ya kai har ƙofa.

Tun karatun farko na gane abin da ya faru. Na ga kamar ba abin da za a rubuta wa mai takaba ba ne. Ga shi yanzu.

Na ce miki nutural magudana ce. Magudana tana zama ƙasa-ƙasa ne muddin bakinta a buɗe yake. Ki toshe ta, ruwa ya ci gaba da shigowa gona, sai ta cika ta kai matsayin hanyar da ke kawo ruwan. Haka waya take. Wuta tana shigowa ta mai wutar, ta ratsa ƙwan fitila, ta faɗa nutural tana neman hanyar komawa taransifoma. Da ɓarayi suka ɗauke taku, rodin nan ya zama ita kaɗai ce mafita, ta cikin ƙasa, kuma ƙuntatacciyar mafita ce. Duk wutar da gidanku ke sha ta nan take bi. Idan an kunna kaya da yawa sai ta taru a wayar da ƙasar da ke kewaye. Abin da matan ke ji a famfo ke nan. Ragon ya fi su ji ne don ƙafafunsa na gaba da na baya suna da tazara. Mustapha ya kama ta lokacin da ba a kunna komai ba, a kan roba.

Ranar nan ba a ɗauke muku wuta ba. Wayar ce ta zame daga rodi, gidan ya yi duhu, kuka ɗauka daga can ne. Wutar tana nan cikin kowane ƙwai da kuka bari a kunne, ta cika matacciyar wayar taf, ta rasa inda za ta fita. Kamilu ya ga ta faɗi, ya ɗauka zai mayar, hannu jiƙe, ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kin tambayi abin da ya hana shi saki. Littafinki ya yi gaskiya, wutar gida ba gudu take yi ta hanya ɗaya ba. Turawa take ta janyo, kamar ƙoshiya a masaƙa, sau hamsin kafin ki ce ɗaya. Kowane zuwa umarni ne ga jijiyar hannu ta damƙe, kuma kafin ta sake wani ya iso. Jijiyoyin damƙewa sun fi na buɗewa ƙarfi a hannun kowa. Ƙarfinsa ba zai taimake shi ba, shi ne ma ya riƙe wayar. Ita ma zuciya haka take rikicewa. Ba a daɗe ba, 'yata. Wannan ba lallashi ba ne.

Ƙwan ɗakinki ya kama ne saboda hanya ta samu. Ta jikinsa ta bi. Hasken ya yi rauni don jikin mutum bai kai rodi ba. Da ya faɗi ya saki, ƙwan ya mutu.

Yanzu ki saurara. Kada kowa ya kwance wayar nan ko ya yanke ta da sunan gyara, nan ne ta fi kisa. Fis ɗin gidan za a fara cirewa, na cikin akwatin da ke kusa da mita. A kashe kayan wuta tukuna. Busasshen hannu, takalmin roba, a kama ta wurin mariƙinsa a fizgo sau ɗaya. Kada a mayar sai masu wuta sun jawo nutural ta gaskiya daga falwaya. Ki sa namiji ya yi.

Ki nuna wa Mustapha wannan duka, ko kada ki nuna masa komai.

Labaran

Sharaɗa
Muharram

Kawu,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shiga sabuwar shekara. Ina gaida Inna Rakiya, ku ce mata zan zo idan na fita, amma ba don hutu ba, don na daɗe ban ga ruwa mai faɗi ba. Lafiyata lau.

Takardarku ta zo ranar Arfa da hantsi. Na karanta a tsaye. Na zauna na sake karantawa. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba, na gaya muku ne kawai don kada ku zaci ta karya ni.

Namijin da kuka ce in sa, babu shi. Waɗanda ba su tafi ƙauye Sallah ba suna kasuwa. Akwatin yana zaure, ta cikin ƙofa, don haka ban karya takabata ba. Na bi ɗaki-ɗaki na ce a kashe kaya za a duba mita. Na sa silifas ɗin Kamilu, sun fi nawa kauri. Na fizgo shi. Abu ne ɗan ƙarami, Kawu, bai kai sabulun wanka ba. Na ƙulle shi a bakin zanina.

Sauda ta cika firizarta da ƙanƙarar Sallah tun kwanaki. Da azahar ruwa ya fara bin ƙarƙashin ƙofarta. Sai aka gano akwatin fanko ne, kuma aka san wa za a tambaya. Malam Mustapha ya zo bakin labulena, matan gida a bayansa. Ya yi magana a hankali, ya ce ya san ina cikin jarrabawa, amma gidan ba nawa ba ne ni kaɗai, gobe Sallah, kuma wannan ba aikin mace mai takaba ba ne.

Na ce, "Malam, wa ya sa ni takabar?"

Na ɗaga labulen na fito tsakar gida da lulluɓina, na karanta musu takardarku. Na yi niyyar tsallake wurin ƙwan fitila. Da na iso wurin sai na tuna yadda aka yi da ta farko, na karanta shi kamar sauran.

Kowa a wurin yana da ƙwan da ya kama a daidai lokacin nan, kowa ya tuna abin da ya ce. Sauda tana tsaye da bokitinta na gishiri, ta haɗa tun safe bisa sabo. Ta ce, "Ni ce na ce an kawo." Na ce mata ni kuma na yi hamdala. Ta juya ta zubar da ruwan a lambatu, ta shiga ɗaki ta jawo ƙofa.

Malam Mustapha bai nemi fis ɗin ba. Bai kuma ba ni haƙuri ba, ban ma nema ba. Bayan an tabbata babu wuta ya kwance wayar, ya girgiza rodin ya zare, ya jingine a bayan zaure. Aka yi Layya a duhu. Aka wanke kayan ciki a bakin famfo, mata da yara ba takalmi, ruwa har idon sawu, ina kallo ta taga. An soya nama duka a ranar, tunda babu inda za a ajiye. Wasu sun daina gaishe ni saboda zafin da suka sha, ɗaya har ta ce da ma ɗakin ya fi ƙarfina tunda babu mai biya.

Sai da muka yi kusan wata babu wuta. Mazan gidan suka haɗu da na gidajen da ke kusa, suka yi ta zarya har aka zo aka ja sabuwar waya daga layin baya. Akwai gidajen da har yanzu suke shayar da rodinsu. Na kwafe takardarku da hannuna na aika musu. Biyu sun cire. Sauran sun ce sun ji.

Ranar da aka gama na kwance bakin zanina na miƙa wa mai aikin fis ɗin. Wutar tana da ƙarfi yanzu, firizar Sauda tana daskarewa kafin la'asar. Tana aiko mini da ƙanƙara kullum, ba ta shigowa.

Abu ɗaya ya canza wanda ba wanda ya ce a yi. Idan an ɗauke wuta, kowa sai ya tashi ya kashe makunninsa. Ba a barin ƙwai ko ɗaya. Idan ta dawo ba mai sanarwa, sai dai wani ya ji ƙarar injin markaɗe a waje ya gwada nasa a ɓoye. Nawa ban taɓa shi ba tun ranar Arfa. Fitilar hannu tana isa ta karatu.

Jiya Aina'u ta zo daga Ɗorayi da cajar wayarta a hannu, ta tambaye ni ko akwai wuta. Na ce mata ban sani ba.

'Yarku,
Atika